Kulob ɗin 'Yan Jarida na Los Angeles

Kulob ɗin 'Yan Jarida na Los Angeles, wanda a Turance ake kira Los Angeles Press Club, ƙungiya ce mai zaman kanta ta ma'aikatan yaɗa labarai da ke birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. An kafa shi a shekarar 1913, kuma ba don neman riba yake aiki ba. Mambobinsa sun haɗa da 'yan jaridar gazetu da mujallu, ma'aikatan rediyo da talabijin, masu ɗaukar hoto, marubutan shafukan intanet da ɗaliban aikin jarida. An fi saninsa da gasanni biyu da yake shiryawa duk shekara, da kuma lambobin yabo na musamman da yake bayarwa, waɗanda mafi shahara a cikinsu ita ce Lambar Daniel Pearl ta jarumta da gaskiya a aikin jarida.

Kulob ɗin ba ƙungiyar ƙwadago ba ne irin NUJ ta Najeriya. Ba ya zama da masu gidajen jarida kan batun albashi, ba ya kiran yajin aiki, ba shi kuma da ikon hana wani yin aikin jarida. Ƙarfinsa yana cikin sunansa ne: idan ya ce wani aiki ya yi kyau, ana ɗaukar hakan a matsayin shaidar 'yan jarida a kan ɗan'uwansu.

Tarihi

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, manyan biranen Amurka da dama sun samu kulob-kulob na 'yan jarida. Na birnin Milwaukee ya fara a 1885, na ƙasa da ke Washington kuma a 1908. Asalinsu wuraren hira ne. Ɗan jarida kan tashi daga aiki da tsakar dare bayan an kai jarida maɗaba'a, sai ya nemi inda zai ci abinci, ya yi wasan kati, ya haɗu da abokan hamayyarsa na wasu jaridu. Na Los Angeles ma haka ya faro.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake farfaɗo da kulob ɗin da sunan Greater Los Angeles Press Club, sunan da ke nuna cewa ya haɗa har da garuruwan da ke kewaye da birnin. A wannan zamani ya zama dandalin da manyan 'yan siyasa ke neman su yi magana a kai. Ranar 14 ga Yuni, 1948, Shugaba Harry Truman ya yi wa kulob ɗin jawabi a otal ɗin Ambassador, yana tsakiyar rangadin da yake yi a jirgin ƙasa zuwa yammacin ƙasar, inda ya caccaki majalisar dokoki da jam'iyyar Republican ke da rinjaye a cikinta. Jawabin yana cikin kundin takardunsa na shugabanci. Daga baya kulob ɗin ya daɗe yana da mazauni a titin Vermont, yanzu kuwa ofishinsa yana unguwar Hollywood.

Tsohuwar alamar kulob ɗin ita ce baƙar ƙwallo mai lamba 8 ta wasan sinuka irin na Amurka. A Turancin Amurka, idan aka ce mutum yana bayan ƙwallo ta takwas, ana nufin ya shiga tsaka mai wuya, don haka alamar ba'a ce da 'yan jaridar suka yi wa kansu da sana'arsu. Sunan wannan ƙwallo aka sa wa mujallar kulob ɗin, shi kuma aka sa wa asusun da ke tallafa wa 'yan jaridar da rashin lafiya ko rashin aiki ya kayar.

Sannu a hankali zaman hira ya ja baya. Jaridun birnin sun ragu: Herald Examiner, wadda ta daɗe tana gogayya da Los Angeles Times, ta rufe a watan Nuwamba na 1989. Abin da ya riƙe kulob ɗin bayan nan shi ne gasanni da bukukuwan karramawa, waɗanda suka zama babban aikinsa kuma babbar hanyar samun kuɗinsa.

Gasar Kudancin Kalifoniya

Gasar Aikin Jarida ta Kudancin Kalifoniya ita ce mafi tsufa a cikin gasannin kulob ɗin. A 2018 aka yi ta karo na 60, wato ke nan ta faro ne a ƙarshen shekarun 1950. Yawanci a watan Yuni ake bikin, a wata liyafar cin abincin dare da aka saba yi a otal ɗin Biltmore da ke tsakiyar birnin.

Ɗan jarida ne da kansa, ko gidan da yake wa aiki, ke tura aikin da aka wallafa a shekarar da ta gabata, tare da biyan kuɗin shiga. A 'yan shekarun nan ayyukan da ake turawa kan haura 2,000. Rukunonin gasar sun fi 100, kuma sun shafi binciken ƙwaƙwaf, labaran gaggawa, sharhi, wasanni, kasuwanci, hoto, zanen barkwanci, rediyo, talabijin da intanet. Akwai rukuni na ɗalibai, da na wakilan kafafen ƙasashen waje da ke aiki daga Los Angeles, da na aikin da aka yi da harshen Sifaniyanci, wanda miliyoyin mazauna yankin ke magana da shi, kuma jaridar La Opinión ke fitowa da shi tun 1926. A ƙarshe akan zaɓi gwarzon shekara a kowane fanni.

Abubuwa biyu a tsarin gasar sun cancanci a lura da su. Na farko, an raba jaridu gida biyu: masu buga kwafi sama da 50,000 da masu buga ƙasa da haka. Ba don wannan ba, ƙaramar jaridar unguwa mai ma'aikata ƙalilan ba za ta taɓa yin gogayya da Los Angeles Times ba, alhali sau da yawa irin waɗannan ƙananan jaridu ne kaɗai ke halartar zaman majalisar ƙaramar hukuma. Na biyu, ba 'yan kulob ɗin ne ke yanke hukunci ba. Ana aika ayyukan ga 'yan jaridar wasu kulob-kulob da ƙungiyoyi a wasu jihohi su duba, kamar yadda su ma na Los Angeles kan duba na wasu. Dalilin a fili yake: a gari ɗaya kowa ya san kowa, wannan tsohon editan wancan ne, wancan kuma yana neman aiki a wurin wannan. Alƙalin da ke nesa ba ya da wannan nauyi, sai dai kuma bai san garin ba, don haka yana iya fifita labarin da aka rubuta da kyau a kan wanda ya fi tasiri ga mutanen wurin.

Amfanin lambar ga wanda ya samu ya wuce na daren bikin. Tana shiga takardar neman aiki, tana taimaka wa ɗan jarida mai zaman kansa ya shawo kan edita, ƙananan kafafe masu dogaro da tallafi kuma kan nuna ta ga masu ba su kuɗi. A watan Janairu na 2024 Los Angeles Times ta sallami aƙalla ma'aikata 115 daga ɗakin labaranta, fiye da kashi 20 cikin ɗari. A irin wannan kasuwa, shaidar cewa takwarorin mutum sun yaba aikinsa ba ƙaramin abu ba ce.

Gasar labaran fasaha da nishaɗi

A 2008 kulob ɗin ya ƙirƙiro gasa ta biyu, wadda ta shafi ƙasar baki ɗaya, domin masu rubutu kan fim, kiɗa, talabijin, littattafai da sauran fasahohi. Akan yi bikinta a ƙarshen shekara. Kasancewar Hollywood a cikin birnin ta sa wannan fanni ya zama aikin jarida na gaske a can, mai haɗe da labaran kasuwanci, shari'a da ƙwadago, ba hirar taurari kawai ba. Mujallu irin su Variety da The Hollywood Reporter na cikin masu yawan lashe kyaututtukan. A wajen bikin akan karrama fitattun mutane da ba 'yan jarida ba, irin su Jane Fonda, Quincy Jones da Kareem Abdul-Jabbar. Akwai kuma Lambar Veritas ta fim ɗin da aka gina kan labarin gaskiya, wadda fim ɗin Spotlight ya fara samu a 2016.

Lambobin yabo na musamman

Ban da gasa, shugabannin kulob ɗin kan zaɓi wasu mutane su karrama su ba tare da sun nema ba. Lambar Joseph M. Quinn ta waɗanda suka ƙare rayuwarsu a aikin jarida ce, an kuma sa mata sunan mai kamfanin dillancin labarai na City News Service wanda ya taɓa shugabantar kulob ɗin. Andrea Mitchell ta samu a 2017, Lester Holt kuma a 2018. Lambar Shugaban Kulob ta masu tasiri a kafafen yaɗa labarai ce, kuma a 2012 an ba Bob Woodward da Carl Bernstein, shekara 40 bayan fara badaƙalar Watergate da suka bankaɗo. Lambar Bill Rosendahl ta hidimar jama'a ce. Mawaƙiya Dolly Parton ta karɓe ta a 2018.

Lambar Daniel Pearl

Daniel Pearl ya girma a unguwar Encino ta Los Angeles, ya yi karatu a Jami'ar Stanford, ya zama shugaban ofishin jaridar Wall Street Journal na Kudancin Asiya. Ranar 23 ga Janairu, 2002, 'yan bindiga suka sace shi a birnin Karachi na Pakistan yana kan hanyar zuwa yin wata hira, daga baya suka kashe shi. Yana da shekara 38. A wannan shekarar kulob ɗin ya kafa lamba da sunansa tare da haɗin gwiwar iyayensa, Ruth Pearl da Judea Pearl, farfesan kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles.

Jerin waɗanda suka karɓi lambar ya nuna irin haɗarin da ke cikin sana'ar. Michael Weisskopf na mujallar Time ya rasa hannunsa na dama a Bagadaza a watan Disamba na 2003, lokacin da ya ɗauki gurnetin da aka jefo cikin motar sojojin da yake ciki domin ya wurgar da shi. Jesús Blancornelas, editan jaridar Zeta ta birnin Tijuana a Meziko, ya tsira da raunukan harsashi a 1997 daga harin masu fataucin miyagun ƙwayoyi, harin da ya kashe mai tsaron lafiyarsa. Anna Politkovskaya ta jaridar Novaya Gazeta, wadda ta yi suna da rahotanni kan yaƙin Checheniya, an ba ta lambar ne bayan an harbe ta a gidanta a Mosko ranar 7 ga Oktoba, 2006. Jason Rezaian na Washington Post ya karɓa a 2016, bayan ya shafe kwana 544 a tsare a Iran.

A 2019 lambar ta je ga Nima Elbagir, 'yar asalin Sudan da ke aiki da CNN. Tana cikin 'yan jaridar ƙasashen waje na farko da suka isa Chibok bayan sace 'yan matan makaranta a 2014. A watan Nuwamba na 2017 ta fitar da rahoton da aka ɗauka da ɓoyayyiyar kyamara a Libiya, inda aka nuna ana gwanjon baƙin haure 'yan Afirka, ana sayar da mutum a kan dala 400. Rahoton ya tayar da ƙura a faɗin nahiyar, kuma bayansa aka ƙara ƙaimi wajen kwaso 'yan Najeriya da na wasu ƙasashe da suka maƙale a can.

Ce-ce-ku-ce

Zaɓin wanda za a kira jarumi hukunci ne, kuma ba kowane hukuncin kulob ɗin ne ya samu karɓuwa ba. A 2015 ya ba da Lambar Daniel Pearl ga mujallar barkwanci ta Faransa, Charlie Hebdo, bayan harin 7 ga Janairu da ya kashe mutum 12 a birnin Paris. Masu goyon baya sun ce ma'aikatan mujallar sun ci gaba da aiki duk da barazanar kisa, kuma ba wanda ya cancanci a kashe shi saboda zane. A wurin Musulmi da dama kuwa, zanen da mujallar ta yi na Annabi Muhammad (SAW) cin mutunci ne, ba aikin jarida ba. Fitowar mujallar ta bayan harin ta jawo zanga-zanga a ƙasashe da yawa; a Jamhuriyar Nijar, tarzomar da aka yi a Damagaram da Yamai a ranakun 16 da 17 ga Janairu ta yi sanadin mutuwar aƙalla mutum 10 da ƙona coci-coci. Ko a cikin Amurka ba a zama baki ɗaya ba: lokacin da ƙungiyar marubuta ta PEN ta yanke shawarar karrama mujallar a watan Mayu na wannan shekara, marubuta sama da 200 sun sa hannu a takardar ƙin amincewa, wasu shida kuma, ciki har da Teju Cole, suka janye daga jagorancin liyafar. A 2018 kulob ɗin ya ba da lambar ga Raif Badawi, marubucin intanet ɗan Saudiyya da aka yanke wa ɗaurin shekara 10 da bulala 1,000. Matarsa Ensaf Haidar ce ta karɓa a madadinsa. Waɗannan zaɓuɓɓuka sun nuna cewa kulob ɗin yana kallon 'yancin faɗin albarkacin baki da idon tsarin mulkin Amurka, inda doka ba ta hukunta ɓatanci ga addini.

Wata matsalar ta taso ne daga kusancin kulob ɗin da Hollywood. A watan Yuni na 2017 ya karrama mawaƙi Jay-Z da mai shirya finafinai Harvey Weinstein da lambar masu faɗin gaskiya, saboda shirin da suka yi kan Kalief Browder, matashin da aka tsare shekara uku a kurkukun Rikers ba tare da shari'a ba bisa zargin satar jakar goyo. Shirin kansa ya cancanci yabo. Amma ranar 5 ga Oktoba, ƙasa da wata huɗu bayan bikin, jaridar New York Times ta wallafa binciken Jodi Kantor da Megan Twohey kan zarge-zargen cin zarafin mata da aka daɗe ana yi wa Weinstein ana rufewa. A watan Disamba na shekarar, kulob ɗin ya karrama 'yan jaridar biyu. Lamarin ya fito da haɗarin da ke tattare da gayyato taurari domin su cika zauren biki: mutanen da ake karramawa su ne waɗanda mambobin kulob ɗin ya kamata su bincika.

Akwai kuma sukar da ake yi wa irin waɗannan gasanni gaba ɗaya. Tunda sai an biya ake shiga, babban gidan jarida na iya tura ayyuka da yawa, ɗan jarida mai zaman kansa kuwa sai ya zaɓi ɗaya ko biyu. Wanda bai tura ba, komai kyawun aikinsa, ba ya cikin lissafi. Yawan rukunoni ma kan sa masu lambar su yi yawa har darajarta ta ragu. Wannan ya sa ba a ɗora ta a sikeli ɗaya da Kyautar Pulitzer, wadda Jami'ar Columbia ke bayarwa tun 1917 a rukunoni ƙalilan.

Kare 'yancin 'yan jarida

Dangantakar 'yan jarida da jami'an tsaro a Los Angeles tana da tsohon tabo. Ranar 29 ga Agusta, 1970, wani jami'in ofishin Sherif na gundumar ya harba gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye cikin wata mashaya a Gabashin Los Angeles, ya kashe Ruben Salazar, marubuci a Los Angeles Times kuma daraktan labarai na tashar KMEX, wanda ya je ɗaukar rahoton zanga-zangar adawa da yaƙin Vietnam.

Shekara 50 bayan haka batun ya dawo. A watan Satumba na 2020 jami'an Sherif suka danne Josie Huang ta gidan rediyon KPCC a ƙasa, suka kama ta tana tsakiyar aiki a garin Lynwood. A 2023 gundumar ta amince ta biya ta diyyar dala 700,000. A watan Maris na 2021 'yan sanda sun tsare 'yan jarida da dama a zanga-zangar tafkin Echo Park. Kulob ɗin ya riƙa tattara bayanan irin waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, da hotuna da bidiyo, yana kuma cikin ƙungiyoyin da suka matsa aka yi dokar jihar mai lamba SB 98. Gwamna Gavin Newsom ya sa mata hannu a watan Oktoba na 2021. Dokar ta ba ɗan jarida damar shiga wurin da 'yan sanda suka rufe a lokacin zanga-zanga, ta kuma hana a far masa ko a kama shi don kawai bai watse ba.

A watan Yuni na 2025, lokacin zanga-zangar adawa da samamen jami'an shige da fice, an sake samun 'yan jarida da raunuka. Hoton bidiyon Lauren Tomasi, wakiliyar tashar 9News ta Ostireliya, wadda aka harba da harsashin roba a ƙafa tana tsaye gaban kyamara, ya zagaya duniya. A wannan karon kulob ɗin bai tsaya ga fitar da sanarwa ba. Shi da kafar Status Coup suka shigar da ƙarar birnin da rundunar 'yan sandansa a kotun tarayya, sannan ya shiga wata ƙarar a kan Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka. A watan Yuli mai shari'a Hernán Vera ya ba da umarnin wucin gadi da ya hana 'yan sandan birnin harbin 'yan jarida da harsashin roba ko korar su daga wurin da suke da ikon tsayawa, a watan Satumba kuma ya ba da umarnin da zai ci gaba da aiki har a kammala shari'ar.